Gunvor, Wadda Ta Dawo da Buzuzu Filin Kiwo

Kullum da hantsi, in ta gama shan kofinta, Gunvor Hallström kan zura takalman roba ta bi shanu zuwa filin kiwo da ke kudancin tsibirin Öland. Can za ka same ta durƙushe tana tona kashin shanu da tsinke. In ta ciro buzuzu sai ta kifar da shi a tafin hannu ta duba cikinsa. Abin da take nema wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ne dangin kaska, masu maƙalewa a jikinsa. Shi ke ɗaukar su daga wannan kashi zuwa wancan, su kuma su sauka su cinye ƙwan ƙuda.

Ma'aikaciyar kula da filin ce, kuma tun tana sabuwa ta lura buzuzu na ƙarewa. Maganin tsutsar ciki da ake ɗura wa shanu yana fita a kashi ya kashe su. Da babu buzuzun da zai binne shi, kashi ya taru ya danne ciyawa, ƙuda suka addabi dabbobi, har masu shanu suka fara zancen sayar da garkunansu su bar wa ƙaya filin.

Gida-gida ta bi su tana bayyana musu illar maganin. Wasu sun zaunar da ita, wasu ko ƙofa ba su buɗe ba. Torvald, dattijon da ya fi kowa shanu, ya ce mata, "Haba Gunvor, saboda kaskar buzuzu zan bar maruƙana su rame?" Ba ta ce ya daina magani ba. Likitar dabbobi ta kawo, aka shirya a riƙa gwada kashi tukuna, a ɗura wa saniya mai tsutsa kaɗai, a tsare ta a turke har maganin ya fita. Duk bazara ita ke taya su wannan wahala, shekara da shekaru.

Bara Torvald da kansa ya tare ta a hanya da buzuzu a cikin hularsa, ƙwarin nan sun lulluɓe shi. "Ga fasinjojinki sun dawo," in ji shi yana dariya. "Shanuna ma yanzu har barcin rana suke yi." Garkensa bai tafi kasuwa ba, 'yarsa ce ta karɓi kiwon.

Gunvor, uwar buzuzu, ke ce kika hana kiwo mutuwa a wannan yanki. Bana za ki ajiye aiki, kin bar mana fili kore shar da shanu a kansa. Mun gode. Duk mai son ya gaji aikin nan, ya hanzarta ya je ya koya tun tana da ƙarfin zagaya filin.