Sunan da Na Kira Cikin Zazzaɓi

Shekaranjiya maƙwabciyata a nan Madawa ta turara tazargade saboda jikanta ba shi da lafiya. Hayaƙin ya ƙetaro katanga ina tsakar gida ina tsintar shinkafa, sai na ajiye farantin. Wanda bai san warin ganyen nan ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Ɗaci gare shi, yana kama maƙogwaro. Ni dai duk inda na shaƙe shi sai in koma yarinya ƴar shekara takwas, kwance a kan tabarma a ƙauyenmu da ke bayan duwatsun Karofan. Ku yi haƙuri da ni, labarin ba shi da daɗi, kuma ba ni ce mutuniyar kirki a cikinsa ba.

Babana mai bishara ne. Kakanninmu anna ne masu yanka a gindin dutse, daga baya gari ya musulunta, shi kuwa ya tafi jinyar ƙafa a asibitin mishan ya dawo da Littafi Mai Tsarki a jaka. Gida shida ne masu bi a garin, ɗakin sujadarmu na ƙasa kuwa bai fi rumbu biyu faɗi ba. Gaskiya Musulmin gari ba su takura mana ba. Suna zolayar Baba da malamin Lahadi, shi ma yana ramawa, ranar salla kuma tuwo ya cika mana gida. Kakata, uwar Baba, tana zaune tare da mu. In ta ga mutane sai ta yi salla, ranar Kirsimeti ta riga kowa zama a ɗakin sujada, layunta da ƙulle-ƙullenta kuma suna nan cikin tukunya a ƙarƙashin gado. Cewa take yi ba ta san wanda za ta tarar a can ba, gara ta gaida kowa tun daga nan.

A gangaren gidanmu akwai wata mata da muke kira Gwaggo, ko da yake ba mu haɗa komai da ita ba. Aure ne ya kawo ta daga wajen Tama. Mijin ya rasu ya bar ta da ɗiya ɗaya budurwa, da garka a fadama mai rijiya a ciki, inda take noma albasa da rani. Ƴaƴan wan mijinta sun daɗe suna hararar garkar nan, kowa ya sani. Gwaggo ba ta da yawan magana, idanunta kullum ja saboda hayaƙin murhu, kuma ba ta iya fara'ar dole ba. Ni kuwa ina sonta ƙwarai. Duk hantsi ina ƙofarta, domin furarta ta fi ta Inna daɗi. Citta da kanumfari take sa mata, ta dama da nonon akuyarta, ta miƙo mini ludayi.

A cikin marka, lokacin da gero ya fara fitar da kai, sauro ya yi yawa, zazzaɓi ya kayar da ni. Kwana biyu ban san inda kaina yake ba. An ce jikina ya riƙa sanƙarewa, idona yana juyawa. An kuma ce ina ta kiran Gwaggo, ina miƙa hannu wajen gangare.

Ga wanda bai tashi a wajenmu ba, bari in bayyana. A lokacin, in marar lafiya ya fita hayyacinsa ya kira sunan wani, to an gama magana. Wanda aka kira shi ne maye, shi ya kama kurwar marar lafiyar. Maganin kuwa ɗaya ne. A kawo shi, a tuɓe shi, ya tsallake marar lafiyar sau uku, ya kurkure bakinsa a ba shi ruwan ya sha. In ya ƙi kuma aka mutu, shi ya kashe. In ya tsallaka aka warke, ya tabbata shi ne. Kuma ana cewa a nono ake shan maita, saboda haka in an kama mace, an kama ɗiyarta da ɗiyar ɗiyarta. Tun ina yarinya har na tsufa ina neman ƙofar da mutum zai fita daga wannan shari'a, ban same ta ba.

Da asuba ta rana ta uku Baba ya ɗauki kekensa zai tafi Buza neman malamin asibiti. Ya riga ya ji ƙishin-ƙishin abin da mata ke faɗa a bakin rijiya. Ya tsaya a ƙofa ya dubi Inna da kakata.

"Kada kowa shi taɓa matar ga. Ko mi za ya hwaru, ku jira ni."

Amma an yi ruwa a kan tudu, korama ta kawo, ta tsare shi a wancan ƙetare har la'asar. Kafin hantsi kakata ta cika ɗaki da hayaƙin tazargade ta aika a kira ƴaƴan wan mijin Gwaggo. Ba su jira aike na biyu ba. Inna, wadda take jan waƙa a ɗakin sujada kowace Lahadi, ita ta buɗe musu ƙofa. Ba na zaginta. Ta binne ƴaƴa biyu kafin ni, kuma tana ganin ta uku tana tafiya.

A lokacin hankalina ya ɗan dawo, don haka na gani da idona. Sun jawo ta da igiyar akuyarta a wuya. Tsakar gidanmu ya cika, har da masu leƙe ta kan danga. Aka fitar da ni aka shimfiɗe a rana. Wani ya fizge zanenta. Mace mai shekara hamsin da wani abu, wadda ko gashin kanta ban taɓa gani ba, tana tsaye a gaban maza da yara tana kare jikinta da hannu biyu. Ɗiyarta tana ihu a waje, an riƙe ta. Gwaggo ta sunkuyo ta dube ni, ta ce, "Ɗiyata, ni?" Ban amsa ba. Ta tsallaka sau uku, a na uku ƙafarta ta harɗe ta faɗi, mutane suka yi dariya. Ruwan da ta kurkure baki da shi aka ɗura mini, akwai ɗanɗanon jini a ciki.

Da la'asar Baba ya iso da malamin asibiti a bayan keke, dukansu jiƙe har ƙugu. Aka yi mini allura, aka bar ƙwayoyi. Bayan kwana uku na tashi zaune na nemi abinci. Gari ya ɗauka cewa mayya ta saki yarinya. Ba wanda ya yi zancen allura.

Baba bai yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya zaunar da ni a gindin itacen gawo da ke bayan gidanmu ya tambaye ni a hankali.

"Mi ya sa kinka yi ta kiran ta?"

"Hurarta nika so, Baba. Bakina ɗaci shikai."

Sannan ya ce gobe za mu je ƙofar maigari in faɗi haka a gaban kowa, kalma uku kawai, mace ta samu sunanta. Ya ce Yesu bai taɓa tsayawa a layin masu jifa ba, mu ma ba za mu tsaya ba.

Washegari aka taru a ƙofar maigari. Gwaggo tana zaune can gefe ita kaɗai, an bar fili tsakaninta da mutane. Baba ya yi magana mai tsawo, ya nuna kwalbar allura, ya ambaci garka a fili har ƴaƴan wan mijin suka miƙe tsaye. Sannan ya turo ni gaba. Na duba, ga kakata tana kallona. Ga Inna a bayanta kanta a ƙasa. Tun da safe kakata ta raɗa mini cewa in na ƙaryata, Inna ce za a ce ta tozarta baiwar Allah a banza, Baba kuma zai kore ta. Ga kuma idanun gari duka a kaina, ni da ba wanda ya taɓa sauraro. Ba zan ɓoye muku ba, akwai daɗi a cikin wannan kallon.

Na buɗe baki na ce na gan ta ta zama baƙar kyanwa ta hau ƙirjina.

Ba wanda ya koya mini zancen kyanwa. Ni na ƙirƙira a nan take, kuma na faɗe shi da murya mai kyau. Mutane suka yi ta salati. Gwaggo ba ta ɗago kai ba. Baba ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, sannan ya kama hannuna muka koma gida. Bai buge ni ba, ran nan ko wata rana, kuma bai sake tambayata ba har ya mutu. Da ya buge ni da na fi samun sauƙi.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. Masu neman auren ɗiyar Gwaggo suka aiko a mayar musu da kayansu. Garka ta koma hannun ƴaƴan wan miji, wai ba mai sayen albasar mayya. Aka hana ta rijiyar gari. Ta tashi daga gangare ta kafa bukka a gindin duwatsu, ita da ɗiyarta da akuya. Baba kuwa ya ɗauki wani hali. Kowace ranar kasuwa sai ya ɗebo ruwa a jarka ya bi ta tsakiyar gari ya kai mata, ya zauna a ƙofar bukka inda kowa zai hango shi, ya sha fura a ƙwaryarta. Dattawan masu bi suka same shi suka ce da ma ana ganinmu bare, yanzu yana so a ce Kirista mayu ne. Ya ce musu shi ba a kira shi don ya tsare sunan kowa ba, an kira shi wurin wanda aka yasar. Gida huɗu suka daina zuwa sujada. Lahadi da yawa wa'azi yake yi mana, mu ƴan gidansa da wani makaho, Inna tana zaune ba ta waƙa.

Ni kuwa yara sun mai da ni sarauniya. Ni ce wadda ta ga mayya ta rayu. In mun fita kiwo muka hango Gwaggo tana tsintar itace, sai a ce in fara jifa. Na fara, ba sau ɗaya ba.

Shekara biyu ta yi a gindin duwatsun nan, ta rasu da bazara, lokacin da zafi ke fasa ƙasa. Mutum biyu suka je daga cikin maza. Baba ya haƙa kabari, liman ya yi mata salla, domin shi ma tun farko bai yarda da abin ba, murya ce bai ɗaga ba. Inna ta ɗauki sabulu da ƙwarya ta je ta taya ɗiyar wankan gawa. Da ta dawo ta shiga ɗaki, ba ta ci abinci ba kwana biyu.

Yau shekarata hamsin da biyu. Na yi makarantar Littafi, ina aikin mata a ikilisiya, ina yawo ƙauyukan Buza da Keita wurin gwauraye da waɗanda aka ƙwace wa gona. In matasa suka tambaye ni yadda na ji kira, mafarki suke so su ji, ko wata murya daga sama. Ni ban ji murya ba. Tambayar da Gwaggo ta yi mini ina kwance ce ban amsa ba, ita nake ta ƙoƙarin amsawa. Abin da ke ƙona mini rai kuma, yanzu a cikin wasu ɗakunan sujada ake kama mayu, da lasifika, yara suna ɗauka a waya. Abin da Baba ya rasa jama'arsa a kai, shi wasu ke tara jama'a da shi.

Bara na sami ɗiyar Gwaggo a kasuwar Madawa tana sayar da albasa a ƙasa. Ta tsufa fiye da shekarunta. Ta yi aure a nesa, labari ya bi ta, aka sako ta da goyo. Na durƙusa na faɗa mata komai, har kyanwar. Ta saurara har na gama.

"Ni kika zo gaya ma? Mu mun sani tun ranar. Ɗiyata shekara talatin gare ta, ba namijin da ya taɓa sallama ƙohwarmu dominta. Tahi ki gaya ma waɗanda ba su sani ba."

Na tafi. Garin ya canja, akwai gidan likita, akwai famfo mai aiki da hasken rana, ɗakin sujada ya zama na siminti. Garkar tana hannun jikokin waɗanda suka karɓe ta, har sun sa injin ban ruwa. Na roƙi sabon maigari ya tara mini mutane bayan sallar Juma'a. Na tsaya a wurin da na tsaya ina yarinya, na ce ƙarya na yi, ba kyanwa, ba komai, fura nake so, allura ta warkar da ni. Na faɗa sau biyu don na baya su ji.

Sai wani tsoho da na sani tun yana saurayi ya girgiza kai, da tausayi na gaske a fuskarsa.

"Allah sarki. Kun gani ko? Tana cikin ƙasa, amma har yau ba ta saki yarinyag ga ba."

Mutane suka gyaɗa kai suka watse. Wata ma ta dafa ni ta ce in nemi magani.

Da na dawo Madawa na bi ta kasuwa na gaya wa ɗiyar Gwaggo cewa na je, na faɗa a gaban kowa. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "To, sun yarda?" Ta ci gaba da ware ruɓaɓɓun albasa daga masu kyau, ni kuma na tsaya a kanta har wata mai saye ta ce in matsa.