Jar Saniyar Da Na Ƙosa Ta Haihu

Abin da idona ya fara sauka a kai a gidan mijina da ke Dusuman, tun kafin in yaye lulluɓi, wata jar saniya ce ɗaure a gindin dalbejiya, tana kallona kamar ta daɗe tana jirana. A lokacin ni 'yar birni ce daga unguwar Bolori, da ko akuya ban taɓa tatsa ba. Duk abin da na sani game da duniya daga littattafan soyayya na haya na samo shi, inda komai ke zuwa a ranar da zuciya ke so.

Maigidana shanu yake turkewa ya sayar wa mahauta. Amma wannan saniyar ba ta sayarwa ba ce. Ita kaɗai ta rage a garken mahaifinsa, da ƙafa suka koro ta ranar da tashin hankali ya raba su da ƙauyensu. Ya ce ya ba ni ita, ɗan da ke cikinta kuma shi ne mafarin sabon garke. A lissafinsa, daga ranar da ya ga bijimi ya hau ta, bayan Babbar Sallah za ta haihu. Sallah ta wuce, wani watan ya kama, shiru. Ga shi yana shirin loda shanu zuwa Kudu, ni kuwa na riga na tsara a raina yadda zai ga ɗan maraƙi a tsaye kafin ya tafi, ya juyo ya yi mini murmushi.

Surukata ta duba hantsar saniyar ta ce ba ta cika ba, a ƙyale ta. Har ta yi mini tsiya, wai amarya ta kwantar da hankalinta, saniya ba ta karanta littattafan nan ba, ba ta san an kusa shafin ƙarshe ba. Mai sayar da maganin dabbobi kuma ya tsorata mu, ya ce ɗa na ƙara girma a ciki, in aka yi sake zai gagara fita ya kashe uwar, allura ɗaya ta jawo naƙuda ta isa. Maigidana ya rasa na wa zai bi, ya ce tunda tawa ce in yanke. Na ce a yi allurar. Babu wanda ya tuna da kiran likitan dabbobi ya sa hannu ya duba.

Maraƙin ya zo ƙarami, gashinsa bai gama fitowa ba, ya kasa tsayawa balle ya kama nono. Na yi ta ɗura masa madara har ya daina haɗiya. Mabiyiya ta ƙi faɗowa, wari ya cika gidan, aka fasa tafiya Kudu. Likitan da muka kira daga baya ya ce cikin bai ma kai ba: hawan farko bai kama ba, sai daga baya ta ɗauka, wataƙila lokacin da take bin garken maƙwabta kiwo. Na yi makonni ina wanke ta da ruwan ɗumi, hannuna na tsami, na gaji har kuka ya daina zuwa. Ta rayu, amma ba ta ƙara ɗaukar ciki ba. Maigidana da kansa ya ja ta zuwa wajen mahauta.

Ba na cewa jira ne daidai kullum, akwai saniyar da jira ke kashewa. Amma 'yan'uwa masu kiwo, ranar da kuka ga bijimi ba lallai ita ce ranar ciki ba. Kafin allura, ku kira wanda zai duba, kada ku yanke da ƙosawa irin tawa.

Maigidana bai taɓa goranta mini ba. Ya bar harkar shanu, yanzu keke Napep yake ja a Umarari. Duk lokacin da garke ke tsallaka titi, sai ya kashe inji. Fasinja su yi ta mita ya danna oda, shi kuwa ya ce a bar su, za su wuce da kansu.