Hatimin Yaya Ilu a Cikin Kwalbati

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Alhaji Iliyasu, wanda muke kira Yaya Ilu. Allah Ya jiƙansa. Da damina ya rasu, kuma har yau in hadari ya haɗu, shi nake fara tunawa.

Shi ya kafa masana'antar gidanmu. A bayan gidan mahaifinmu a Badarawa ya fara, da mazubin bulo guda ɗaya, shi ma na aro. Daga bulo muka koma zoben rijiya, daga nan zoben kwalbati da murfin lambatu, har wuri ya yi mana kaɗan muka tashi zuwa Katabu. Ni da karatuna ya tsaya a firamare, aikina shi ne ban ruwa. Kankare in an zuba shi, sai an lulluɓe shi da buhu, a yi ta shayar da shi safe da yamma har ya ƙoshi. In bai ƙoshi ba ido ba ya ganewa. Sai ranar da babbar mota ta hau kansa.

Yaya Ilu yana da wani hatimin ƙarfe mai zanen fartanya. Kowane zobe, tun yana ɗanye, sai ya danna masa shi. Amma ba a waje ba, inda mai saye zai gani. A ciki yake sawa, can inda ruwa ke bi. 'Yan kwangila suka yi ta zolayarsa, wai wane irin talla ne ake ɓoye shi a cikin kwata. Ya ce musu, "Ba talla ba ne. Ranar da ya fashe, a san ƙofar da za a buga." Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Yanzu babban ɗansa Nasiru ke riƙe da wurin. Ya kawo injuna, ya ƙara ma'aikata, kuma ba zan ce malalaci ne ba. Zamanin ne ya juya. Masu wannan sana'a sun cika hanyar Zariya. Ɗan kwangila zai tsaya da mota a bakin ƙofa, in ka ce kaya bai ƙoshi ba sai ya wuce gaba. Na sha ganin ana loda zobe da danshinsa. Na yi magana har aka fara ce mini tsoho mai mita, daga baya ciwon gwiwa ya zaunar da ni gida.

A daminar bana wani kwalbati ya rufta a wani layi a Malali. Wani malamin makaranta, Malam Yohanna, yana kan babur zai tafi aiki ya faɗa ciki, ƙafarsa ta karye. Da labari ya iso ni, kokon da ke gabana kasa sha na yi. Na tafi, na naɗe wando, na gangara ramin ina juya ɓaraguzai da hannu, ina roƙon Allah kada in ga fartanya. Ban gan ta ba. Na fito ina hamdala, na zarce Katabu don in yi wa Nasiru albishir.

Amma bai taya ni murna ba.

"Baffa, ai tun bara na daina buga hatimin," in ji shi. "Ba zan sa hannun Baba a kan kayan da bai ƙoshi ba."

Na tambaye shi ko zoben namu ne. Ya ce masu aiki a Malali da yawa sun sayi kaya a wurinsa, wasu ma sun sayar wa wasu, ya rantse bai sani ba. Na yarda da shi, kuma yardar ce ta fi damuna.

Me Yaya Ilu zai ce da ya ga wannan? Nasiru yana ganin mutuncin mahaifinsa yake karewa. Ni kuwa gani nake ƙofar ya toshe. Na faɗa masa haka. Ya ce in ya koma tsarin Baba ciniki zai gudu, ma'aikatan nan da iyalansu fa? Ya ciro hatimin daga kan ƙusa ya miƙo mini, na karɓa.

Na je duba Malam Yohanna da 'yar ledar lemo. Matarsa ta kawo mini ruwa, shi kuma yana kwance da ƙafa a ɗaure ya ce, "Baba, ka gafarce ni, ina muka san juna?" Na ce masa ni ƙanen wani mai zuba kwalbati ne. Na gaya masa ban san ko dubiya na zo ba ko ban haƙuri. Sannan na kwatanta masa gidanmu na Badarawa, na ce in ta tabbata namu ne, ƙofar da zai buga ke nan.

Tsofaffin zoben Yaya Ilu suna nan ƙarƙashin layukan garin nan. Laka ta rufe fartanyar, ruwa na wucewa, mutane na takawa ba su san sunansa ba, kuma haka ya so. Hatimin yana ɗakina, ya fara tsatsa. Malam Yohanna bai zo ba tukuna. Amma duk wanda ya yi sallama a ƙofar gida, ba na barin kowa ya riga ni fita.