Injiniya Badaruddeen da Dokar Taragun Guba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairu 2025, Allah Ya yi wa Injiniya Badaruddeen Umar Faruq rasuwa a nan Doha, bayan gajeriyar jinya.

Labarin ya same ni tsaye a bakin titi a Wakra, daga ni sai tawul. Da safen nan na ga ban-ɗakinmu ya yi dauɗa, na zuba ruwan bilic, na ga bai yi mini sauri ba, na ƙara masa asid na wanke masai. Hayaƙin da ya tashi ya koro mu takwas waje muna tari. Abdul-Samed, ɗan Kumasi da muke ɗaki ɗaya, yana hawaye yana cewa, "Nasidi, kai ne direban masanin guba? Khalas, shi ke nan, mun shiga uku!" Na ɗauko waya in tambaye ka abin yi, Injiniya, in sha dariyarka. Ƙaninka ne ya ɗauka, ya ce mini ka rasu.

Shekara shida ina tuƙa ka daga gida zuwa ofis a Mushairib. Ni karatuna a aji biyu na sakandare muka rabu da shi, kuma shi ya fara gajiya da ni. Kai kuwa kamfanoni ke layi don ka gaya musu yadda ake ɗaukar gas da sinadarai ba a kashe kowa ba. Amma abin da ya fi cin ranka ba a nan yake ba. Kai da wasu injiniyoyi 'yan gida kuna rubuta daftarin doka kan jiragen ƙasa na kaya, waɗanda ke jan mai da taki da asid ta tsakiyar garuruwanmu, don a miƙa wa kwamitin majalisa.

Har yau ina mamakin yadda ka yi aikin nan. Kullum muka shiga cunkoso sai ka buɗe takarda ka karanta mini sashe ɗaya da Hausa, ka ce, "Malam Nasidi, me aka ce ka yi?" In na fara sosa ƙeya, sai ka ja layi ka soke. Wani sashen sau tara ka sake shi saboda ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, da wannan kan nawa za a auna dokar ƙasa? Ai ba za a gama ba." Ka ce mai loda tarago da mai gadin tsallaken dogo ba farfesoshi ba ne, dokar da ba su gane ba takarda ce kawai. Ban taɓa ganin mai ilimi ya mai da jahilcin wani ma'auni ba tare da ya wulaƙanta shi ba, sai kai.

Da na ce maka gidana a Zariya taku talatin ne daga layin dogo, kuma matata Atine kan shanya kayan yara a katangar da ke kallonsa, ka tambayi sunan kowane yaro. Daga nan ka rubuta cewa duk garin da taragon guba zai ratsa, a sanar da 'yan kwana-kwana da asibitinsa tun kafin ya iso, kuma a yi alamar jikin tarago yadda wanda bai iya karatu ba zai gane. Lokacin da Ruƙayyatu 'yata ta ci jarrabawar shiga aikin jinya, kai ka fara kiranta kafin ni ubanta in gama washe baki.

Akwai sashe ɗaya da bai zo maka daga littafi ba: cewa lebura na da ikon ƙin loda kayan da ba a yi wa alama ba, kuma ba za a kore shi ba. Daga bakina ya fito. Shekara ashirin da suka wuce ina lebura a wata tashar kaya, mai kayan ya ce in cire allon gargaɗi daga wani tarago don kada a tsayar da shi bincike. Na cire, don ina tsoron kora. Taragon ya yi yoyo a hanya. Malam Tanimu, mai haɗa taragu, ya leƙa ya ga me ke ɗiga, bai sake ganin komai ba har yau. Ba wanda ya san hannuna ne sai kai.

Da na gaya maka, ba ka zage ni ba, ba ka kuma ce ba komai ba. Cewa ka yi in zo in faɗa wa kwamitin da bakina, da sunana, don 'yan majalisa sun gaji da jin injiniyoyi, amma ba su taɓa jin wanda ya cire allon ba. Shekara biyu ina kauce maka da wasa. Na ce ba ni da babbar riga, ka ɗinka mini. Na ce Turancina zai sa a rufe majalisar, ka ce da Hausa zan yi. Gaskiyar ita ce ina tsoron idon 'ya'yana. Ba ka taɓa matsa mini ba, sai dai ka ce, "In ka shirya, Malam Nasidi."

Allah Ya jiƙanka, Injiniya, Ya yalwata kabarinka, Ya sa kowane rai da wannan aiki zai tsare ya zama haske gare ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Hajiya Muhsina, da 'ya'yanka, da 'yan'uwanka na gida da na nan. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya zama gatanku.

Abokan aikinka sun ce bayan ƙaramar Salla za a saurari jama'a kan daftarin. Na nemi hutu. Amma kafin in tsaya gaban kwamiti, Zariya zan fara sauka, in zauna gaban Malam Tanimu in gaya masa wanda ya cire allon. Ko ya yafe ko bai yafe ba, sai na je.

Nasidi Direba,
Wakra, Doha.