Sirrin 641 a Ajin SS2

Abokan aiki, musamman ku da kuka shigo koyarwa kwanan nan, har yau ban manta da wata Laraba a zango na biyu ba, ina malamin lissafi a wata sakandare a Sabon Tasha. Ranar ce sufeto ya zo daga ma'aikatar ilimi ya duba darasina. Ga wanda bai san tsarin ba, sufeto yakan zauna a bayan aji yana rubutu, rahotonsa kuma shi ke shiga fayil ɗinka lokacin ƙarin girma. Shekara huɗu ina jiran nawa.

Wanda ya zo Baba Istifanus ne, dattijo marar yawan magana. Darasin kan lambobi iri biyu ne: mai rabuwa, kamar 15 da take uku sau biyar, da marar rabuwa, kamar 17, wadda ba abin da ke raba ta daidai sai ɗaya da ita kanta.

Don in burge shi, na rubuta 3, 5, 17, 257, 65,537. Na nuna wa 'yan SS2 yadda kowace ke haifar ta gaba: ka cire ɗaya, ka ninka abin da ya rage da kansa, ka mayar da ɗayan. Duka biyar ba sa rabuwa. Na fitar da ta shida, 4,294,967,297, na bugi ƙirji na ce ita ma haka take.

Baba ya ɗago kai. "Malam Danladi, ka gwada ta?"

"Ranka ya daɗe, ai biyar sun riga sun nuna hanya."

"Biyar sun faɗi nasu. Wannan ba ta yi magana ba tukuna. Zan dawo Juma'a, sannan in rufe rahoto."

Na yanke shawarar in gwada ta. Lambobi marasa rabuwa da ke ƙasa da dubu guda 168 ne, ɗalibaina kuma 42. Na ba kowa huɗu, ya raba ƙatuwar lambar da su da hannu, ba kalkuleta. Kwana biyu kowa na samun saura, ni kuma ina ƙara samun ƙwarin gwiwa.

Ranar Juma'a, Baba na zaune, sai Rahila ta ɗaga hannu. Yarinya ce daga Unguwar Boro da ba ta taɓa haura maki arba'in a darasina ba. Ta ce, "Malam, yi haƙuri, nawa ya lalace. Sau uku ina yi, ba ya barin saura."

Na miƙa mata alli. Ta rubuta 641, ta fara rabawa a hankali, tana goge zufa da bayan hannu. Duk ajin ya zuba wa allo ido. Layi bayan layi ta sauko: 6,700,417. A ƙasa, sifili.

Na bi aikinta layi-layi, ban ga kuskure ba. Lamba ta fi biliyan huɗu, lambobi marasa rabuwa 115 na ƙasa da 641 duk sun buga sun kasa, ashe tun kafin a haife mu sirrinta na nan yana jiran mai haƙuri. Wani yaro ya ce, "Kai, Allah mai iko!" Ba wanda ya yi dariya.

Na juya na ce, "Na yi kuskure. Aikin Rahila ne daidai."

Baba ya rubuta wani abu, ya rufe fayil. A bakin ƙofa ya ce min a hankali, "Na san amsar tun Laraba. Har manyan masana sun taɓa faɗawa wannan rami. So nake in ga abin da za ka yi idan ta fito."

Ƙarin girman ya zo a ƙarshen shekara. Amma abin da na riƙe daga ranar ya fi shi. Lamba ba ta san digirin malami ba, ba ta san makin ɗaliba ba. Don haka idan ɗan ajinku ya ce aikinsa ya lalace, kada ku yi saurin jan jan biro. Ku ba shi alli.