Kwalin Maganin Da Ya Cinye Mini Tebur

Jama'a, ban mutu ba. Wata goma sha ɗaya ban ce uffan a nan ba, har wani ya rubuta "Allah ya jiƙansa" a ƙarƙashin hotona. Na gode, ajiye mini ita, za ta yi rana.

Shekara uku da suka wuce wuyana ya kumbura, gabana na bugawa, ina ta rama. A asibiti suka ce tayirod ce, wata 'yar tsoka a maƙogwaro, take aiki fiye da kima. Suka ba ni ƙwayoyi da kati.

Na ji sauƙi. Ni da na yi sallama da boko a aji huɗu, katin ya tafi ƙarƙashin katifa. In magani ya ƙare sai in kai kwalin kemis a unguwar Gawon Nama, in ce a ba ni irinsa, yadda kowa ke yi. Shekara biyu cur.

Sai na fara jin sanyi. A Sakkwato, cikin bazara, mutane na fifita, ni ina cikin bargo. Fuska ta kumbura, murya ta dushe. Ni mahauci, barkwanci ba ya zuwa mini sai mai sayen nama ya kai gida.

Ranar da barci ya ɗauke ni a tsaye da wuƙa a hannu har na yanke yatsa, Sarkin Fawa ya ce in je in huta. Teburin naman da na gada wurin mahaifina aka ba wani, wai kafin in warke.

Ɗiyata Asma'u ta zo daga gidanta, tana kakkaɓe katifa ta ga katin. Ta karanta, ta zauna ƙasa.

"Baba, sun ce ka komo bayan sati shida."

Muka koma asibiti. Gwajin jini, layi tun asuba, firjin gida ya tafi a kuɗin asibiti. Likita ta ce maganin ya gama aikinsa tuntuni, ni na yi ta ɗura shi har tsokar ta kwanta. Ta tsayar da shi, ta sa ni zuwa duk wata.

Yanzu ina zufa kamar kowa, alhamdulillahi. Tebur dai bai dawo ba. Wanda aka ba yana da iyali, masu sayen namana sun saba da shi. Sau uku na je wurin Sarkin Fawa, sau uku aka ba ni haƙuri.

Allah ya saka wa likitar nan da Asma'u. Ku kuma, in an ba ku kati, ku nemi mai karanta muku ranar nan. Kwali bai san yaushe za a daina ba.

Har yau kullum safiya nakan wasa wuƙata in mayar da ita kube. Asma'u ta ce in bari. Ban san inda zan kai hannun ba.