Jan Takalmin da Na Zaɓa wa Ƙanena

A duk birnin Sakkwato, daga bakin gulbi har bayan ganuwa, ba a haifi wanda ya fi ni sanin fata ba. Haka nake faɗi a kasuwa shekara da shekaru, kuma da ƙarfi nake faɗi. Ka ɗaure mini idanu da rawani, ka miƙo fata in shinshina, sai in gaya maka garin akuyar, da ciyawar da ta ci, da ko mai ita yana dukanta. Sana'ata sayar da gafaka ce, jakar da malamai ke adana littafi, don haka jar fatar akuya da ta bi ta hannuna ta isa a lulluɓe birnin nan a yi saura. Mutane na dariya, ni ma ina dariya, har na wayi gari na gaskata kaina.

Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, maharbi. Da Allah ya tashi raba mana magana, ni ya juye wa duka, shi ya bar masa ta gaisuwa kawai. Da baka da kwari yake ciyar da matarsa da 'ya'ya huɗu. Tun tasowarsa faɗe yake sawa, takalmin nan na busasshiyar fatar sa mai maɗauri biyu, bai taɓa kuka da shi ba.

A shekarar da nake faɗi, kububuwa ta sari wani abokin farautarsa a idon sawu, bai kwana biyu ba ya cika. Hankalin Innarmu ya tashi. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, ba ta ma cika duban fuskata ba. Ina tsaye a tsakar gida, ƙwaryar da take wankewa ta gaya wa: "Tun da akwai masu cewa sun san fata cikin gidanga, sai su samo wa yaron can takalmi mai rufe ƙafa har ƙwauri, kafin a fita farautar kaka."

Na ce wa ƙwaryar an gama.

Washegari na nufi rumfunan dukawa. Akwai wani tsohon baduku da maharba ke zuwa wurinsa. Ya saurare ni, ya jawo wani takalmi daga ƙarƙashin buzunsa, baƙi, mai kauri, na ƙirgi, wato jemammiyar fatar sa. Muninsa ya isa ya kori kura.

Na ce, "Baba, wanga ai ƙafar dorina ka yanko."

Ya ce, "Awo. Dorina ka taɓa ganin ƙaya ta tsaida ta? Tafi ka zo da ƙanen naka in auna ƙafarshi. Kwana bakwai in ɗinka mishi."

Kwana bakwai! Ni da na riga na shaida wa rabin kasuwa cewa yau zan shiga gida da takalmi. Ina waiwaye sai idona ya faɗa rumfar wani baƙon baduku. Ga wani takalmi a rataye, ja wur, da zane kore a baki, tsawonsa har gwiwa. Na taɓa, laushi kamar kunnen jariri. Na kai hanci, ƙamshin bagaruwa da man shanu ya buge ni. Irin fatar da na sani ke nan, irin wadda nake shafawa kullum. Nan take na fara yi masa kirari, mutane sunka taru.

Tsohon ya ɗaga murya daga rumfarsa: "Ɗana, wancan na masu doki na, waɗanda ƙafarsu ba ta taɓa ƙasa. In dai sai shi, ce mishi shi ɗan yanki gefen tafin, ka duba tsakiya. In ka ga fari, jima ba ta ratsa ba."

Da ni kaɗai ya gaya wa, wataƙila da na ji. Amma a gaban jama'a? A koya mini fata, ni? Na ce, "Baba, masu ido su yi yanka, mu da hanci muke aiki." Anka fashe da dariya. Na rungumi takalmi na yi gida.

A zaure na miƙa wa ƙanena, gaban maharba uku abokan tafiyarsa. Ya juya takalmin, ya danna tafin da babban yatsa, ya daɗe yana dannawa. Sannan ya dube ni. Wallahi na ga abin da ke idonsa, na kau da kai. Kyautar wa ce, kuma da umarnin uwa, wane ƙane zai ce a mayar? Ya ce, "Na gode, Yaya. Allah shi saka."

Ranar fita da hantsi, na lura ya ɗaure tsohon faɗensa a jikin kwari, zai tafi da shi. Wannan shi ne wurin da ba na son tunawa. Na fizge faɗen ina wasa, na ce, "Mai takalmin sarauta mi zai yi da wanga?" Na wurga shi kan rumbu. Yara sunka yi shewa. Ƙanena ya saɓa baka, sunka fita ta Ƙofar Kware.

Abin da ya faru a daji daga bakin abokansa na ji. Rana ta biyu sunka ratsa fadama, ruwa har gwiwa. Takalmin ya sha ruwa ya saki kamar tsumma. Da rana ta buge shi sai tafin ya ƙandare, ya nannaɗe, ɗinkin ya fara ɓallewa. Rana ta uku, suna bin sawun barewa, ya taka reshen farar ƙaya. Ƙaya guda ta huda tafin, ta shige tsakanin yatsu, ta karye a ciki. Sunka yi ƙoƙarin cire takalmin, ya riga ya bushe ya kama ƙafar, ita kuma tana kumbura. Da ƙyar sunka sami jaki a wata ruga.

Rana ta shida anka shigo da shi, jikinsa zafi kamar garwashi, bai san wanda ke kansa ba. Wanzami ya zo ya tsaga takalmin da aska, tun daga gwiwa har yatsu. Ba zan siffanta ƙafar ba. Ni da ke ƙara gishiri a kowace magana, wannan ko na rage ta yi yawa. Anka jefar da takalmin gefe, na ɗauki tafin na duba inda aska ta bi. Ja a sama, ja a ƙasa, tsakiya fari fat.

Kwana ashirin muna tsakanin rai da mutuwa. Wanzami ya cire yatsu biyu, bayan kwana uku ya dawo ya ƙara ɗaya. Kullum in na tambaye shi sai ya ce, "Sai dai addu'a." Matar ƙanena tana gaishe ni a durƙushe kamar yadda ta saba, da ma zagina ta yi. Inna kuwa ko ƙwarya ta daina gaya wa magana in ina wurin. Na daina zuwa kasuwa. Wata safiya na sa tsani na hau rumbu na sauko da faɗen, rana da raɓa sun yi ta dukansa, ko tsagewa bai yi ba. Na rasa inda zan ajiye shi, na kai ɗakina. Yana nan har yau.

Allah ya tashi kafaɗar ƙanena, amma dajin nesa ya ƙare masa. Wanda ke bin barewa yini guda, yanzu tarkon zabi yake kafawa bayan ganuwa, yana gyara wa wasu kibau. Hatsin gidansa daga rumbuna yake fita, ba mu taɓa zancen ba. Bai taɓa ce mini ka cuce ni ba. Sau da yawa na shirya kalmomin neman gafara, in na zauna gabansa sai bakin nan nawa, da ba ya gajiya, ya ƙi buɗewa.

Ranar da wanzami ya ce ƙanena ya fara takawa da sanda, muna zaune a zaure ni da shi. Murna ta kama ni, tsohon hali ya motsa. Na miƙe na ce, "Sanda? Kwantar da hankalinka. Duk Sakkwato ba wanda ya kai ni sanin itace. Yanzun nan in tafi in zaɓo maka wadda jikokinka za su gada!"

Ya dubi ƙafar da ke naɗe da tsumma, ya dubi ɗayar.

Ya ce, "Yaya, zamna. Guda ɗaya ta rage mini. Bari in zaɓa da kaina."